Sabon Hon a Motar Babansu

Kai da ka buɗe littafin nan, rufe shi, ba naka ba ne. In kuwa ke ce, Auta, na san yadda kike mayar da abu wurinsa ki ɗauka ban gane ba. Wanda ya leƙa abin da ba a nuna masa ba, duk abin da ya gani shi ya jawo wa kansa.

Litinin, 3 ga Maris

Ina wanke kofunan shayi da safe sai na ji wata ƙara kamar tirela ta faɗo tsakar gida. Kofi ya suɓuce mini ya fashe. Na fita da kumfa a hannu. Ashe motarmu ce. Tsohuwar motar Babansu, wadda yake kai yaran maƙwabta makaranta da ita tun da ya bar aiki a masaƙa, ita aka saka wa hon irin na manyan motoci.

Dogo yana tsaye da sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu. Ban tsaya tambaya ba. Ɗan fari ne, gemu ya fito, amma hankali yana baya. Na ce masa mu ba mutanen a ji mu a gan mu ba ne, kuma in ganga ta cika zaƙi fashewa take yi. Ya sunkuyar da kai.

Babansu ya leƙo ta tagar mota yana dariya. "Hedimasta, a yi wa yaro afuwa. Tsohon hon ɗin ne ya gaji." Haka yake kirana in yana so ya kashe magana.

Ya gaji? Jiya ma daga cikin ɗaki na ji shi sarai.

Laraba, 5 ga Maris

Matar tela ta tare ni a bakin shago. Wai jaririnta firgita yake yi kullum da safe. Cikin ladabi ta faɗa, amma na ji kunyar da ban taɓa ji ba. 'Yarta ƙarama tana cikin waɗanda Babansu yake ɗauka.

Mutanen nan ba don kyan mota suka ba shi 'ya'yansu ba. Kujerar baya ma a yage take, ni na ɗinke ta da zare. Don natsuwarsa suka ba shi. In suka janye, me zai tashi ya yi da safe? Mutum ne da bai iya zama ba. Watannin da ya yi a gida bayan barin masaƙa, ramewa ya yi kamar mai jinya.

Asabar, 8 ga Maris

Na same shi yana goge takalmi, ya ba ni baya. Na faɗa masa maganar matar tela daga farko har ƙarshe. Ko ɗagowa bai yi ba. Na tsaya kamar gunki, na gaji na tafi.

Wannan hali ba yau ya fara ba. Ka yi masa magana ya yi banza da kai. Rediyo kuwa sai ya ƙure ta har taga tana rawa. Girma ya zo, maimakon nauyi sai raini. Allah ya kyauta.

Lahadi, 9 ga Maris

Na sa Dogo ya cire abin nan ya mayar da tsohon. Ya ce, "Umma, da kin bari kun yi magana da Baba tukuna." Na ce ni zai tura wurin ubansa? Ni na haife shi ko shi ya haife ni? Na ɗauko kujera na zauna a kansa har ya ɗaure kusa ta ƙarshe. Idonsa ya yi ja. Na ce ya yi ta ja.

Litinin, 10 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Babansu ya dawo daga kai yara ransa a ɓace. Bai kashe mota ba ya kira ni, ya kira Dogo. Ya ce wa ya taɓa masa hon? Na ce ni na sa. Ya ce, "Kina so ki kashe ni a titi? Zo ki ji abin da kika mayar mini."

Ya ɗora tafin hannunsa ya danna. Hon ɗin ya yi ƙara lafiya lau, har karen gidan da ke kallonmu ya kama haushi, Auta ta toshe kunne daga bakin ƙofa. Shi kuwa ya kalle ni ya ce, "Kin ji ko? A shaƙe yake. Wannan ko akuya ba za ta kauce masa ba." Ya sake dannawa da hannu biyu, ya karkata kai yana saurare kamar mai neman abu a rijiya.

Na kalli Dogo. Dogo ya kalli ƙasa.

Abin da na iya cewa kawai, "To, a mayar masa da sabon."

Talata, 11 ga Maris

Na tsare Dogo a kicin. Ya ce Babansu ya yi ta kai motar wurin mai gyaran wutar mota, ana ce masa hon lafiyarsa ƙalau, yana cewa ba su iya aiki ba. Har yaran garejin suka fara yi masa dariya a bayan ido. Shi ne Dogo ya je ya nemo mai babbar murya ya saka, don uban ya ji da kunnensa hankalinsa ya kwanta.

Na ce me ya hana ka faɗa mini?

"Umma, ke da ba kya ɓoye magana? Da a ranar za ki faɗa masa. Ni kuma ta yaya zan kalli Baba in ce masa kunnensa ne?"

Ban ba shi haƙuri ba. Uwa ba ta ba ɗa haƙuri. Na dai ƙara masa nama a abinci.

Alhamis, 13 ga Maris

Na gwada. Yana zaune yana shan shayi, na tsaya a bayansa na ce, "Sannu da ƙoƙari, Maigida." Shiru. Na matso na sake faɗa. Ya ci gaba da juya cokali.

Bara, da yayata ta rasu, akwai ranar da na zauna a bakin gado, shi yana ninke kaya ya ba ni baya, na yi ta faɗa masa abin da ke raina, abin da ban faɗa wa kowa ba. Bai ce uffan ba. Na riƙe shi da wannan a zuciya har yau. Ashe da bango nake magana.

Asabar, 15 ga Maris

Ya kamata in faɗa masa. 'Ya'yan mutane ne a motar nan. Ni ce mai cewa gaskiya ɗaci gare ta amma ita ce magani. Yau na buɗe baki, sai na ga yadda yake goge gilashin mota yana 'yar waƙarsa. Na ce a raina gobe.

Litinin, 17 ga Maris

Gobe.

Talata, 18 ga Maris

Abin da nake tsoro ya faru.

A ƙofar makaranta, 'yar tela tana sauka, igiyar jakarta ta maƙale a ƙofar mota. Wani yaro ya rufe ƙofar a kai. Babansu ya duba madubi, bai hango ta ba saboda ƙanƙantarta, ya ja mota. Yaran da ke bakin ƙofa suna ihu, ita tana ihu, shi yana tafiya. Sai da mai gadin makaranta ya bi shi da gudu ya doki bayan motar da hannu ya ji girgiza ya tsaya.

Allah ya taƙaita. Gwiwoyinta duka biyu sun kwaile, haɓa ta fashe an yi ɗinki, amma babu karaya. Shi ya ɗauke ta a hannu ya kai ta asibiti. Ya dawo da jininta a gaban rigarsa, ya shiga ɗaki ya rufe.

Na jiƙa rigar a ruwan sanyi.

Laraba, 19 ga Maris

Matar tela ta zo. Yau babu ladabi, kuma ban ga laifinta ba. "Yara suna ihu, titi duka ya ji, shi bai ji ba? Mai hon kamar na jirgin ƙasa, kowa ya ji shi, shi ba ya jin kowa!" Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, "Mama, ke da kike yi mana faɗa a kan tarbiyya, ki faɗa mini tsakaninki da Allah, ba ki san da wani abu ba?"

Na ce na sani.

Ta kalle ni, ta ja mayafinta ta fita. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta tafi na shiga wurinsa. Na jawo kujera na zauna a gabansa, gwiwa da gwiwa, yadda zai ga bakina. Na ɗaga murya na ce, "Maigida, ba hon ba ne. Kunnenka ne."

Ya kalli hannunsa. Sannan ya ce, "Da na ji sabon nan yana tashi, sai na ce ashe lafiyata ƙalau." Can kuma ya ce, "Dogo ya sani?" Na gyaɗa kai. "Ke ma?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Kuma kuka bar ni na ɗauki 'ya'yan mutane."

Bai ɗaga murya ba. Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tebur kusa da ni.

Juma'a, 21 ga Maris

Iyayen sun samo wa yaransu wata mota. Babu wanda ya zo ya faɗa mana, ta taga na gani.

Talata, 25 ga Maris

Asibiti. Dogo ne ya tuƙa, Babansu a gefe, ni a baya. Bai taɓa zama a wannan kujerar ba. Ƙafarsa sai neman birki take yi.

Suka saka masa wani abu a kunne a ƙaramin ɗaki, suka ce in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ina kallonsa ta gilashi. Ya zauna a miƙe kamar ɗan makaranta, hannunsa a cinya, yana jira. Yana ta jira.

Likita ta ce injinan masaƙa ne suka cinye kunnen a hankali, shekara da shekaru. Ta ce siraran sauti su suke fara tafiya: kukan tsuntsu, muryar yara, muryar mata. Za a gwada masa na'urar kunne, za ta taimaka, amma abin da ya tafi ya tafi. Da ta ce muryar mata, ya juyo ya kalle ni. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma ya gane. Na kau da kai.

Injinan nan su suka ciyar da mu, su suka yi wa yaran nan karatu.

Lahadi, 30 ga Maris

Har yanzu da sassafe yake tashi ya yi wanka ya sa kaya. Sai ya fita ya wanke motar, ya dawo ya zauna. Rediyon ma ya daina kunnawa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Tela da kansa ya kawo yarinyar ta gaishe shi, da bandeji a haɓa. Mutumin kirki. Ta tsaya a gabansa ta yi ta zuba da 'yar muryarta, tana nuna masa inda aka cire zare. Shi sai murmushi yake yana cewa, "To, to, madalla." Ko ɗaya bai ji ba. Da suka tafi ya shiga banɗaki ya daɗe.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Da rana muna cin abinci gaba ɗaya, Auta ta kawo shiririta. Wai ranar da mai gyaran famfo ya zo, na tsare shi da wa'azi a kan cika alkawari har ya rikice, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na Dogo. Ƙarya ce, ni nasiha kawai na yi masa. Dogo ya yi dariya har ya ƙware.

Babansu ya bi fuskokinmu da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan murmushi, ya ce, "Me aka ce?"

Auta ta ce, "Ba komai, Baba."

Ya ce, "To." Ya mayar da kansa kan kwano.

Wannan "to" ɗin. Na ajiye cokali. Na tashi na zagayo gabansa na maimaita masa labarin tun daga farko, da ƙarfi, har da yadda mutumin ya riƙa ɗingishi a takalmin da ya fi ƙafarsa. Ban iya ba da labari ba, kuma na san gidan da ke bayanmu sun ji ni, ni da nake cewa muryar mace ba ta tsallake katanga. Ya yi dariya har ya share ido. Ya ce, "Aikinki ne, ba sai an rantse ba." Ba don wani abu na yi ba, don dai yaran su ga yadda ake yi.

Bayan an kwashe kwanuka na tara su biyun na faɗa musu, kuma ban da musu. Daga yau a gidan nan ba a kiran Babanku daga wani ɗaki, ba a yi masa magana ta baya. Mai magana da shi ya zo gabansa ya tsaya. In ya ce me aka ce, a maimaita masa, ko sau nawa ne, ko maganar banza ce. Duk wanda ya sake ce masa "ba komai", ranar ba zai ci abincina ba. Har da ni.