Masu Gaishe Ni a Hanya

Litinin, 3 ga Yuni, 2024

Yaya Sadiƙ ya zo daga Bodinga da maganar da na tsana: a mayar da Inna gidansa, ni kuma a kai ni Mandera wajen Gwaggo. Dalilinsa asmar Inna. Wai idan numfashinta ya sarƙe ana ruwa, sabis ya ɗauke, wa zai je ya kira malamin asibiti? "Ke, Juwai? Ke da ko ƙohwar ɗaki ba ki wucewa sai kin buge ta?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Tun ina ƙarama nake kifar da fura, nake rikita dama da hagu. Likitan Sakkwato ya ce ba wauta ba ce, dispiraksiya ce: kaina ya san abin da yake so, jikina ne ba ya karɓar saƙon daidai. Yaya dai har gobe "hannun rariya" yake ce mini.

Na ce ya ba ni damina. Idan na iya zuwa asibiti na dawo ni kaɗai, a bar mu a nan garinmu Lambara. Ya yi dariya, ya ce ya yarda.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na bar awarwaro a hannun dama kawai. Daga rijiya zuwa wajen ƙosan Iya Asabe, sai in bi hannun awarwaro. Daga nan ɗorawar da Malam Na'Allah ke gyaran kekuna a gindinta, sai hanyar gona, sai in hango rufin asibiti.

A kai kamar wasa. A ƙafa, makabarta na tsinci kaina. Na yi musu addu'a na juyo.

Asabar, 22 ga Yuni

Na kai! Na kai na dawo! Tuntuɓe kawai na yi, kuma ba wanda ya gani.

Laraba, 17 ga Yuli

Gero ya tasa, ya ɓoye rufin asibitin, duk hanyoyin gona sun zama iri ɗaya. Amma ban sake ɓata ba. Mutanen garin nan ma sun yi kirki kwanan nan. Iya Asabe ba ta bari in wuce: "Juwai, zaka ki ɗanɗana da zahi!" Malam Na'Allah kuwa daga gindin ɗorawa zai ɗaga murya: "Ɗiyata, yau ba gaisuwa?" Sai in ƙarasa in durƙusa. Har Firdausi da ba ma shiri tana kirana daga gonarsu.

Na gaya wa Inna na zama 'yar gari. Ta yi murmushi ta kau da kai.

Juma'a, 9 ga Agusta

Yau rubutun ma ya fi kullum muni.

Na dawo da wuri, ina bayan zana na ji Iya Asabe a tsakar gida tana ce wa Inna, "Yau ma ta so ta yi makabarta, nik kira ta, awa yadda kinka ce." Inna ta ce, "Allah shi saka. Ku dai kar ta gane."

Ashe ba gaisuwa ba ce. Kowa an ajiye shi a mararrabarsa. Idan na nufi inda ba daidai ba, sai a kira sunana, ni kuma da ladabina in juya in je in gaida babba, ƙafata ta hau hanya ban sani ba. Ni ina ta murna, gari yana kora ni kamar akuya.

Na shiga na tsaya. Inna ba ta musa ba. "Ni nic ce su yi. Ba ni son a raba mu."

Na ce, "Inna, in abin ya taso miki duk suna gona fa? Wa zai gaishe ni?"

Da Yaya ne da sauƙi, shi a fuskata yake faɗa. Ita ce kullum take cewa zan iya.

Lahadi, 11 ga Agusta

Na kai mata tuwo na ajiye. Ban zauna ba.

Talata, 13 ga Agusta

Malam Na'Allah ya ba Yaya labarin a kasuwa, wai yana yabon dabara. Yaya ya kira. Bai yi dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini. Ya ce ƙarshen wata zai zo da mota.

Na fita da rana tsaka, lokacin da ba kowa a hanya. Na shiga gero na rasa gabas. Na faɗi a kan kunyar gero, gwiwata ta fashe, na zauna na yi kuka mai isata. Da Inna ce kwance a gida tana jirana? Wata biyu suka cinye mini, waɗanda da na yi ta ɓata a cikinsu har in koya.

Talata, 20 ga Agusta

Kullum ina fita. Na daina neman abin hange, ƙasa nake kallo: hanyar asibiti tsakuwa ce, ta makabarta yashi. Wani lokaci in kai, wani lokaci in kewaya. Iya Asabe ta kira ni jiya, na ɗaga mata hannu ban tsaya ba. Rashin kunya ne, na sani.

Ba wanda ya tambaye ni ko na kai.

Lahadi, 25 ga Agusta

Yaya ya tafi da Inna. Ni na ɗauki ƙullin kayanta zuwa mota, ya suɓuce mini a taɓo. Inna ta riƙe hannuna ta taga, na zare. Jibi Gwaggo za ta aiko a ɗauke ni.

Talata, 27 ga Agusta, Bodinga

Jiya ina shara na ga maganin shaƙar Inna a ƙarƙashin filo. An kwana ana ruwa, waya ba ta shiga. Irin sanyin da ke tayar mata da ciwon.

Ban taɓa zuwa bakin titi ni kaɗai ba. Na tsaya wajen Iya Asabe na ce, "Iya, ina ne hanyar mota? Da hannu za ki nuna mini, ba dama ba hagu." Ta nuna. Na shiga mota. A Bodinga na tambayi mai albasa layin gidan Yaya, na wuce layin, na dawo, na sake tambayar mai keke. Ni na zaɓi wanda zan tambaya, kuma na san tambaya nake.

Yaya ya buɗe ƙofa yana leƙa bayana. "Wa yak kawo ki?"

Na wuce shi. Inna na zaune a bakin gado, ƙirjinta na kuka, matar Yaya na zazzage jakunkuna. Murfin maganin ya ƙi buɗuwa, na sa haƙori. Ta shaƙa, ta sake shaƙa, kafaɗunta suka sauka.

Da ta samu magana sai ta ce, "Ke ɗai kinka zo?" Na ce eh. Ta daɗe tana kallon gwiwata.

Ban ce na huce ba. A ɗakinta dai na kwana, don tabarmar can ta fi laushi.