Sun Rufe Fuskarsa, Sun Bar Mayafin

Didi Urmila, yayata, ki taimake ni, kaina ya ɗaure. Gidan kamfanin siminti muke zaune, ni da mijina da 'ya'yanmu mata biyu da surukina, mahaifin mijina. Buwa nake ce masa, wato Baba, don ya riƙe ni tamkar 'yar cikinsa.

Wata yarinya, Sabitri, tana haɗa fim kan zaɓen shugaban birninmu. Buwa ya zauna gaban kyamararta ya fasa ƙwai: ɗan takarar da ke kan gaba surukin manaja ne, motocin kamfani ke kwasar ma'aikata zuwa rumfar zaɓe, kuma so masu kamfanin suke a bar musu bakin kogi su fasa dutse. Ta yi alkawarin rufe fuskarsa da sauya muryarsa, kuma ta cika.

Amma Didi, mayafin! Na ulun nan da manaja ya yafa masa ranar da ya yi ritaya daga kamfanin, shi ya ɗauko, wai ba a karɓar baƙo da tsohuwar riga. Ni ma na goge masa da hannuna. Mutum uku kaɗai aka taɓa ba irinsa, biyu sun mutu. Yanzu guntun fim ɗin na yawo a wayoyi. Matar foman ta daina karɓar acar, wato mangwaron da nake jiƙawa da yaji ina aika mata, mijina kuma an mayar da shi sashen ƙura. In aka kore shi, ina za mu kai yaran? Buwa ya ce ba zai janye ko kalma ɗaya ba. Tsoro nake ji, kuma haushinsa nake ji, sai na ji tarinsa in ji kunya.

Sarakuwa Mai Fargaba

Ƙanwata, ba zan yaudare ki ba, abin da ya shiga wayoyi ba ya dawowa. Tsoronki na kan hanya, rufin asirin yara ba abin wasa ba ne. Amma shi ma tsohon bai yi ƙarya ba, kuma da huhunsa ya sayi abin da ya faɗa.

Ki je wurin Sabitri ido da ido, da sanin Buwa. Ita ya kamata ta lura da mayafin tun farko, don haka ta ɓoye shi kafin a haska cikakken fim, ta kuma haɗa mijinki da lauyan ƙungiyar ma'aikata tun ba a kore shi ba. Ki yi wa iyayenki maganar ɗakin da za ku zauna, ko da za a tashe ku daga gidan kamfani.

Sannan ki daina zargin hannunki. Mutumin da ya je jana'izar sauran biyun ya san mayafi nawa ya rage a gari. Ba kuskure ya yi ba, so yake a gane shi. Ki zauna ki faɗa masa tsoronki ƙarara, don ya san da gidan wa ya yi jarumtar.

Ina yi miki fatan kwanciyar hankali, ke da yaranki.