Me Ya Bambanta Ni da Sawsan?

Litinin, 13 ga Janairu

Tambayoyi uku na amsa a takardar neman makarantar likitanci ta Beirut, ta huɗu ta tsaya mini a wuya. Wai in faɗi abin da ke cikin asalina ko rayuwata da ya bambanta ni da sauran ɗalibai, wanda aji zai ƙaru da shi. Na ɗaga kai daga kwamfuta, sai ga fuskata zaune a ɗaya gefen tebur tana cizon biro. Sawsan ke nan, 'yar tagwaicina. Ciki ɗaya, makaranta ɗaya, ko makin jarrabawa ba mu cika rabuwa ba. Na ce, "Ke, me ya bambanta mu?" Ta ce, "Na fi ki kyau." Komai wasa ne a wurinta.

Laraba, 15 ga Janairu

Mun kai wa Malama Nuhad, mai duba takardun masu neman likitanci a jami'armu. Ta karanta nawa, ta karanta na Sawsan, ta cire tabarau. Ashe duk abu ɗaya muka rubuta: garinmu Tarabulus, gidan burodin Baba, da kakarmu Teta da ta yi ungozoma. Wallahi ba wadda ta leƙa na wata.

Malama ta ce, "Ni na yarda, amma su ba su san ku ba. Sunan gida ɗaya, labari ɗaya? Cewa za su yi ɗaya ta rubuta wa ɗaya, su ajiye ku duka biyun." Ranar 27 ake rufewa.

A mota Sawsan ta kama ɗan ƙaramin yatsana ta maimaita alkawarinmu na tun muna yara: ko su ɗauke mu tare, ko kowa ta zauna. Na ce haka ne.

Alhamis, 16 ga Janairu

Wasim, ɗan ƙanwar Mama da ke karatun likita a Amurka, ya turo saƙon murya: "Ai da sauƙi, Sulafa! Ki ce ke Balarabiya ce, Musulma, kin sha wahalar rashin wuta. Suna son haka." A Beirut? Waye a ajin bai yi karatu da fitilar waya ba? Can shi daban ne tun daga bakin ƙofa. Ni a nan ko a ɗakinmu ba daban ba ce.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau muka yi rabon abin da kowa za ta rubuta, muna naɗe shinkafa a ganyen inabi. Sawsan ta ce ta ɗauki Teta, ni in ɗauki gidan burodi. Teta ta ajiye ganyen hannunta ta ce, "Lallai! Ina raye ana rabon gado, kuma ni ce gadon. To wace ce ta samu ciwon gwiwata?" Har Mama sai da ta yi dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba, don mun zo kan ranar da Baba ya faɗi a bakin tanda muna 'yan shekara goma sha biyu. Sawsan ta ce ita ma tata ce. Na ce ina, ba za ki haɗa Teta da wannan ba. Ta ce, "Wa ya yi gudun?" Gaskiya ce. Ita ta fita ba takalmi ta kira Abu Jamil mai kemis, shi ya gane sukarin Baba ne ya sauka. Duk unguwa haka ake ba da labarin, duk Sallah sai an maimaita. Ni ba na cikin labarin. Zama na yi a ƙasa.

Na ji haushi sosai, kuma ban san haushin wa nake ji ba.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na cika shafi a kan burodi. Ya fito kamar talla.

Talata, 21 ga Janairu

Ba darasi da safe, na je wurin Baba ko zan samo abin rubutawa. Ya miƙo mini burodi mai za'atar, yajin nan na ganye da riɗi, da zafinsa, ya ce, "Wace ce a cikinku?" Kullum sai ya yi wannan tsokanar, kuma ina zargin rabinta ba tsokana ba ce.

Na gaya masa Sawsan ta ɗauki ranar faɗuwarsa. Ya ci gaba da buga ƙulli bai kalle ni ba, ya ce, "Ta ɗauka mana. Amma ni gudun nan ban gan shi ba, ina ƙasa. Labari aka ba ni."

Na ce to me ya tuna?

Ya ce, "Barci nake so, mai daɗi. Sai wata fitinanniya ta ɗora kaina a cinyarta ta hana ni. Baba burodi zai ƙone. Baba matar Abu Rami tana jira, ka san bakinta. Baba wa zai kashe tanda? Ba ta yi shiru ba ko na numfashi ɗaya. Na ce a raina, wannan yarinya ba za ta bar mutum ya mutu cikin kwanciyar hankali ba." Ya goge hannu a riga. "Fuska kam kuna ruɗa ni. Amma wannan mitar na san mai ita."

Ni ban tuna na yi magana ba sam. Abin da na tuna sanyin goshinsa, da garin fulawa a gashin girarsa. Na fito ban ci burodin ba.

Laraba, 22 ga Janairu

To wannan bambanci ne? Mita? Likitoci manya za su zauna su karanta cewa na iya mita?

Juma'a, 24 ga Janairu

Muna shanya a saman bene na gaya wa Sawsan abin da Baba ya ce. Na ɗauka za ta yi dariya. Ta daɗe tana matse rigar da ta riga ta matsu, sannan ta ce, "Kin san me ya sa na yi gudu? Ban iya kallonsa ba. Sai da na kai bakin titi na tuna da Abu Jamil." Ta ce duk lokacin da ake yabonta ji take kamar ta sa takalmin wani, kuma ni take hassada, da na iya zama.

Ni? Ni da nake ganin ƙafafuna ne suka mutu?

Na ce to yanzu labarin na wa? Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. Ni zan rubuta titi, ke ki rubuta ƙasa." Kaina ya ƙara kwancewa. Shekara tara tun faɗuwar Baba muna kwana ɗaki ɗaya, ashe ba rana ɗaya muke tunawa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na rubuta a zama ɗaya. Ban sani ba ko ya amsa tambayarsu. Na ce ni ce wadda take zama. Malama Nuhad ta karanta a waya ta turo: "Wannan kam ba na Sawsan ba ne."

Sawsan ta miƙo hannu in ba ta ta duba kamar kullum, na ce sai na gyara. Babu abin da zan gyara.

Litinin, 27 ga Janairu

Mun tura. Ban ga nata ba, ba ta ga nawa ba. Ko rubutun haɗa baƙi ba mu taɓa miƙa wa malami haka ba.

Wajen cin abincin rana Teta ta ce, "To in ɗaya suka ɗauka fa?" Sawsan ta yi caraf: "Sai kowa ta zauna. Ko ba haka ba, Sulafa?" Ta miƙo yatsa.

Ban amsa ba. Akwai burodi a bakina, shi ya sa. Na daɗe ina taunawa dai. Da na haɗiye, ta riga ta janye hannunta, kuma ba ta sake tambaya ba.