Ƙafafuna, Sunan Roswitha

Munich, 9 ga Nuwamba, 1955

Zuwa ga Yayana Eckhard,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a can Adelaide, kai da iyalinka. Mu ma lafiya muke. Tarin Mama ya yi sauƙi, har ta koma kwaɓa mana burodi ranar Asabar, tana faɗa cewa na gidan burodi ba shi da auki.

Ka ce in ba ka labarin fim ɗin ƙanwarmu Roswitha. Kai kaɗai zan iya gaya wa gaskiya. Ka san ni na koya mata tsayuwa kan yatsun ƙafa irin ta rawar bale, tana riƙe da teburin kicin tana kuka. Da gwiwarta ta goce shekara uku da suka wuce, likita ya ce ta gama rawar bale, ni aka ba matsayinta a gidan rawa. Allah ya yafe mini, ban yi baƙin ciki yadda ya kamata ba. To ranar da daraktan fim ya zo neman 'yar rawa, ni ya zo kallo. Ita tana gefe a kan benci da sandarta, ta kawo mini abincin rana. Ina can ina juyi ina haɗa gumi, ashe idonsa na kan fuskarta. Zakaran da Allah ya nufa da cara ke nan.

A fim ɗin 'yar rawa ta fito, alhali ba ta iya ko ɗage dunduniya. Sai ta zo tana mini 'yar muryar nan tata, wai Yaya ki ara mini ƙafafunki na sati biyu, ai ba su da aikin yi da safe. Na je. Duk inda aka nuna rawa daga gwiwa zuwa ƙasa, ni ce. Yatsuna har jini suka yi a cikin takalmi.

Ranar da aka fara nunawa ta sa doguwar riga koriya, mutane na ture juna don su taɓa hannunta. Da aka zo wurin rawar, silima ta ɗauki tafi. Mama ta damƙe mini hannu tana hawaye, wai in dubi ƙafafun autarta, kamar ba su taɓa ciwo ba. Na ce mata nawa ne, ta ce in yi shiru mutane na kallo. Na zauna har sunaye suka ƙare, har da na mai gyaran gashi, nawa babu. Washegari wata jarida ta rubuta cewa ba a taɓa ganin ƙafafu irin na Roswitha ba. Kura da shan bugu, Yaya.

Ba na mata fatan sharri, amma idan na ga hotonta a tashar jirgi sai in kau da kai. Sau shida na koma silimar ni kaɗai. Da rawar ta ƙare, fuskarta ta dawo, sai in ɗauki jakata in fita.

Jiya ta zo da kek ɗin tuffa, ta ce za a yi fim na biyu, tana son in sake ara mata ƙafafuna, kuma ta roƙi darakta a sa sunana ya ƙi, wai asiri zai tonu. Na yi niyyar gaya mata baƙar magana. Amma shekarata talatin da huɗu, shugaban gidan rawa ya riga ya ce bana ce ta ƙarshe gare ni. Rawar dandali tana mutuwa da an ja labule, ta fim kuwa tana nan. Na amsa mata, ta rungume ni, ni kuwa hannuwana suka ƙi ɗaguwa.

Mama na gaishe ka, tana tambaya ko kana cin abinci. Ka gai da matarka Hildegund, da yara, Jost da 'yar baba Wiebke. Idan fim ɗin ya iso garinku ka kai su, ka gaya wa yaran gwaggonsu biyu ne a ciki.

Ƙanwarka,
Edeltraud