Ni Ne Mutumin da Ke Kwance a Tambarinku

Zuwa ga Alhaji Nasiru, Shugaban Ƙungiyar Raya Wasan Takobi da Garkuwa, Dutse.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali, da 'yan kwamiti baki ɗaya. Ni ne Malam Habu na Limawa, wanda ya koya maka riƙon takobi, ko da sunan ya ɓace maka. Fuskar kam na san ba ta ɓace ba, tunda kullum tana ƙirjin rigarka. Sau uku ina zuwa ofis, sakatarenka yana cewa ka tafi buɗe sabon reshe. Shi ya sa na kai wa jarida wannan takarda, don na ji ita kana karantawa.

Na farko, yabon gwani ya zama dole. Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, mu 'yan tsiraru ne a bayan firamare, da takubban katako da garkuwar fatar sa, masu wucewa suna ɗaukarmu 'yan tauri. Da shari'a ta zo, da dama cikinmu sun zaci wasan ya mutu ke nan. Kai ka bi malamai gida gida ka fahimtar da su cewa babu laya, babu tsafi, tarihin kakanni ne da motsa jiki. Ka sa aka ajiye ganga, aka raɗa mana suna mai tsawo, aka ɗinka riguna kore da fari. Yau ga reshe a Garki, ga wani a Kafin Hausa. Duk ban ƙi ba, ko da yake rigar tana matse ni a tumbi, kuma na gaya wa telanku tun ranar awo.

Na biyu, maganar tambari, wadda ita ta kawo ni. Zan yi bayani saboda masu karatu, don kai ka san zancen. A wasanmu, ranar da malami zai yaye ɗalibi, sai su kara a gaban jama'a, a ƙarshe malamin ya sassauta garkuwa da gangan ya bari ɗalibin ya kai shi ƙasa. Faɗuwar yaye muke ce mata. Ma'anarta, na ba ka duk abin da nake da shi, je ka. Sau ɗaya ake yi wa mutum a rayuwarsa. Marigayi Malam Garba ya yi mini ita cikin taɓo da damina, yana da furfura, ya tashi yana dariya ni ina hawaye. Haka na yi maka ranar taka, aka ɗauki hoto, kuma ni da hannuna na ba ka hoton don ka ajiye. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bara, da kwamiti ya ce ƙungiya tana bukatar tambari, wannan hoton ka miƙa wa mai zane. Allah ya yi wa hannunsa albarka, bai rage komai ba. Kai ya zana ka tsaye, takobi sama, ya ma ƙara maka faɗin kafaɗa wanda ni ban san ka da shi ba. Ni kuwa ga ni rigingine, ƙafafu a sama, da hulata haɓar kada, da wushiryata, har da takalmina na hagu da ya cire yana tafiya a iska. Wa ya ce masa takalmin yana cikin tarihi? A ƙasa kuma kuka rubuta "Sabon Jini". To tsohon jinin ai ba sai an nuna shi da yatsa ba, an gan shi.

Na uku, ga abin da ya biyo baya. Tambarin nan yana allon ofis, yana kalanda, yana bayan bas ɗin Kafin Hausa, 'yan acaɓa sun manna shi a tanki. Ran nan na hau bas ɗin zuwa ta'aziyya, kwandasta ya dube ni, ya zagaya ya dubi bayan mota, ya dawo ya ce, "Baba, zauna gaba, kada ka sake faɗuwa." A kasuwar Shuwarin an daina ce mini Malam Habu, sai Baba Kwance. Hajiya Uwani, matata ta shekara talatin, ta rataye kalandar a falo, wai ba ta taɓa samun hoton da ya kama ni kamar wannan ba. Hular ma na daina sa ta, amma wushirya yaya zan yi da ita?

Duk wannan da na haɗiye. An yi mini dariya a fili ba sau ɗaya ba, ban mutu ba.

Na huɗu shi ne abin da ya hana ni shiru. Iyaye sun fara kwashe 'ya'yansu daga filina suna kai su sabon reshe. Wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya ce da ni, "Malam, ba raini ba ne, amma gara su koya wurin na tsayen." Na ji ciwon maganar nan ƙwarai, kuma ban ga laifinsa ba, abin da kuka nuna masa ya gani. Abin da ya fi wannan, malaman da ke rassanku sun ga yadda aka yi da ni. Malam Isa na Garki yana da ɗalibai biyu da suka isa yaye tun kafin azumi, ya ce shi ba zai kwanta ba, yana da surukai a gari. Sai ya ba su takardar shaida mai tambari, wato ni na faɗi a madadinsa. Alhaji, in malamai suka daina faɗuwa, ƙungiya za ta yi ta haihuwar rassa, amma abin da Malam Garba ya bar mana ya tafi. Ba na so a ce a kaina aka daina.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A rubuta a ƙarƙashin zanen cewa faɗuwar yaye ce, kuma na kwancen malamin na tsayen ne, da manyan baƙaƙe yadda mai bin bas a baya zai iya karantawa. A maido mini da takalmina ƙafata. Sannan kai da kanka, tunda yanzu kana da ɗalibai, ka yaye ɗaya a taron shekara, ka kwanta a gaban manyan baƙi da babbar rigarka, don na bayanka su ga ba abin kunya ba ne.

Ina yi maka addu'a Allah ya ƙara ɗaukaka, ya kare ka daga sharrin mahassada, ya yi wa zuriya albarka, ya sa ƙungiyar nan ta kai inda ba mu zata ba. Har gobe kai ɗana ne a wasan nan, kuma ina alfahari da kai.

In kuwa kwamiti ya ga gyaran allo ya yi masa nauyi, akwai hanya mai sauƙi. Ina filin Limawa kowace Juma'a bayan la'asar. Ka zo da garkuwarka, ka zo da mai hoto, sai mu samo wa ƙungiya tambari na gaskiya, duk yadda ya fito a buga shi. Sai dai ka tuna kafin ka taso, faɗuwar yaye sau ɗaya ake yi wa mutum, kuma kai ka riga ka karɓi taka.

Wassalam.

Naka malami,
Habu Mai Garkuwa,
Limawa, Dutse.