Taliyar da Ba a Ɗumamawa

Harlem, New York
Ƙarshen watan Yuni

Mamana abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taki? Yaya damina a Pankshin, dankali ya yi kyau bana? Yonatan da yara suna gaishe ki.

Na zauna na rubuta miki ne saboda a waya ba na iya faɗin gaskiya. Da zarar kin kira, Baba zai tashi zaune, ya gyara murya, ya ce miki yana ci kamar gara. Mama, ba ya ci. Tun da aka fara yi masa ƙarin ruwan maganin kansar nan, ƙamshin abinci kawai ya isa ya tayar masa da zuciya. Na yi masa gwaten acha yadda kika koya mini, na yi farfesu, na tuƙa tuwo. Matan zumunta na cocinmu ma sun yi ta kawo kuloli. Ana buɗe murfi sai ya rufe hanci ya nufi banɗaki.

Likita ta gaya mini ba ɓoye-ɓoye: idan ya ƙara ramewa kafin zagaye na gaba a watan Agusta, za su dakatar da maganin, don jikinsa ba zai ɗauka ba. Kin kuwa san dalilin da ya sa muka kawo shi ƙasar nan ke nan. Wata ma'aikaciya a asibitin ta ce mu gwada abinci mai sanyi, irin su burodi da ayis kirim. Baba ya ce shi ba yaro ba ne da aka kai bikin ranar haihuwa. Ni ma a raina na goyi bayansa. Ke kika rene ni, na san ba a ajiye wa babba abincin da ya huce.

Ga zafi kuma, kai! Garin nan ya zama tanda. Yara suna buɗe famfunan kashe gobara a titi suna wanka. Mutumin da ya girma cikin sanyin Pankshin, yanzu yana kwance gaban fanka da singileti, wandonsa yana zamewa daga ƙugu. In na kalle shi sai in shiga kicin in yi kukana a can.

Bari in ba ki labarin abin haushi ko kya yi dariya. Akwai wata tsohuwa 'yar Japan a saman benenmu, sunanta Fumiko. Ta gan mu a matakala ranar da Baba ya kasa hawa sai da Yonatan ya riƙe shi. Jiya sai ga ta da wani ɗan faifan gora, an tara wata siririyar taliya mai launin toka a kai, da baƙin ruwa a ƙaramin kofi. Ba nama, ba mai, ba miya. Na taɓa, sanyi ƙalau! Haba, mara lafiya za a kawo wa ragowar firiji? Na dai yi godiya don tsohuwa ce. Tana fita na juye taliyar da baƙin ruwan a tukunya, na sa tumatir da attaruhu da magi, na ɗumama sosai don in rufa mata asiri. Abin ya narke ya koma kamar talge, warinsa kuma ya kori Baba har banɗaki. Gobe zan mayar mata da faifanta.

Ki ci gaba da yi mana addu'a. Kada ki nuna masa na gaya miki.

'Yarki,
Nendirmwa

*

Harlem, New York
Tsakiyar watan Yuli

Mamana,

Ina fatan kina lafiya, ke da duk mutanen gida. Na ga saƙonki, na kuma ji cewa matan coci suna azumi saboda Baba. Allah ya saka musu. Ki gaishe mini da su ɗaya bayan ɗaya.

Mama, 'yarki ta sha kunya. Kin san ba ma mayar da kwano haka nan, don haka na haɗa faifan da kular dafa-duka mai zafi na hau wajen tsohuwar nan. Don in faranta mata rai, na ce abincinta ya huce kafin ya iso amma na ɗumama shi. Matar nan ta dube ni, ta dafa bango, ta yi dariya har da hawaye. Ni kuwa ina tsaye da kula a hannu kamar wadda ta zo talla.

Da ta gama, sai ta zaunar da ni. Ashe haka ake cinsa, da sanyinsa, abincin lokacin zafi ne a ƙasarsu. Sunan taliyar soba, daga garin wani hatsi ake yin ta wanda ba alkama ba. Ashe kuma mijinta ya yi irin ciwon Baba kafin ya rasu, kuma wannan ne kaɗai abin da yake iya ci. Ta ce tururi ne ke ɗauko wari ya kai hanci, abin da ba ya tururi ba ya tayar da zuciya. Daga sama take jin Baba yana amai, shi ya sa ta sauko. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A kicin ɗinta ta koya mini, don kada warin girki ya kai wa Baba. Ruwa mai yawa za a tafasa, ba gishiri, ba mai. Taliyar ba ta daɗewa a wuta. Ana saukewa sai a juye a kwando, a sakar mata ruwan famfo, a riƙa murza ta da hannu kamar ana wanke tsakin masara, har santsin ya fita. Daga nan a tsoma ta cikin ruwan ƙanƙara, a tsane. Hannuna ya yi ta ƙin yarda, Mama. Wanke dafaffen abinci! Baƙin ruwan kuma romon busasshen kifi ne da ganyen teku, da baƙar miyar waken suya. Suna sa wata giyar shinkafa mai zaƙi, amma da na ce mata Baba dattijon coci ne, ko a magani ba ya son jin sunan giya, sai ta sa sukari a maimakonta. Ba a zuba shi a kan taliyar. Ɗiba ake yi kaɗan, a tsoma, a kai baki, da ɗan yankakken ganyen albasa.

Ita da kanta ta sauko wa Baba da abincin. Na san da ni ce na kai, da Baba ya ture. Amma kin san mijinki da kunyar baƙo, ba zai bar tsohuwa tsaye da faifai a hannu ba. Ya sa riga, ya zauna, ya yi addu'a doguwa, ina jin yana jan lokaci ne. Ta miƙa masa tsinkayen nan biyu da suke ci da su, ya juya su ya juya, ya ajiye, ya nemi ruwan wanke hannu. Ya ɗiba da yatsu, ya tsoma, ya sa a baki. Ni ina bakin ƙofa riƙe da bokiti, ina jira.

Mama, bai tashi ba. Ya sake ɗiba. Ya ce ɗanɗanon ya yi kama da acha da aka ɗan soya. Bai cinye ba, ya ci kamar rabi, amma ya zauna a cikinsa. Na ajiye bokitin na shiga ɗaki na durƙusa, ban ma san abin da na ce wa Allah ba.

Yanzu kullum yana ci, wani lokaci da dafaffen ƙwai mai sanyi ko tsokar kaza. Har yanzu a rame yake, ba zan yi miki ƙarya ba. Agusta nake tsoro.

Taki har kullum,
Nendirmwa

*

Harlem, New York
Watan Agusta

Mamana ta kaina,

Barka da war haka. Yaya ƙarfin jiki, yaya kewa? Na san kin ƙagu, don haka ba zan ja ki da nisa ba.

Mun je awo. Baba ya sa babbar rigarsa da takalmin nan mai nauyi na Yonatan, cikin wannan zafin, wai ko za su taimaka. Nas ɗin ta gane shi, ta sa ya cire duka tana murmushi. Ya hau sikeli, ni kuwa na rufe ido. Bai ƙaru ba, Mama, amma bai ragu ba. Likita ta duba jininsa ta ce za a ci gaba da maganin. An yi masa zagayen shekaranjiya. Ya galabaita, amma jiya da rana ya ci taliyarsa.

Na tambayi likitar ko wannan yana nufin zai warke. Ta ce ba za ta yi mini alkawari ba, dama ce dai muka samu wadda da mun rasa. Na faɗa miki yadda ta faɗa mini, don ke ba yarinya ba ce, kuma mijinki ne.

Ga wani abu da ban taɓa zaton zan gani ba. Satin da ya wuce na dawo daga aiki ban same shi a ɗaki ba, hankalina ya tashi. Ashe yana sama wajen Fumiko. Na tarar da Baba, Malam Yosiya guda, tsohon hedimasta, wanda ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba, tsaye gaban famfo ya naɗe hannun riga yana murza taliya. Tsohuwar tana gefe tana yi masa faɗa wai yana matsa ta da ƙarfi, shi kuma yana amsawa da ladabi kamar ɗan aji ɗaya. Na tambaye shi me ya kawo wannan. Ya ce shekara da shekaru kina tsaye a kan murhu saboda shi, hayaƙi ya cinye miki ido, bai taɓa dafa miki ko ƙwai ba. Ya ce wannan ne abinci na farko da ya ga zai iya, kuma so yake ya iya shi sosai kafin ya dawo.

Jiya da yamma ya matsa sai na raka shi wani shagon 'yan Japan. Da ƙyar yake tafiya, muna yi muna hutawa. Ya zaɓi ƙananan kofuna biyu na tsoma taliya, ya daɗe yana dubawa kafin ya ɗauki mai shuɗin fure ya ce wannan naki ne, Mama. Na ce ya bari in ajiye su a kabad tukuna, tunda akwai sauran magani a gaba. Ya ƙi. Ya naɗe su cikin rigar sanyinsa, ya sa a akwatin da zai koma gida da shi, ya ja zif.

Ki kula mana da kanki, Mama. Ubangiji ya haɗa fuskokinku.

'Yarki mai kewarki,
Nendirmwa