Rodin da Na Lanƙwasa Sau Biyu

Malama, don girman Allah ki taimake ni da shawara, ba ni da wanda zan faɗa wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe.

Ni mai lanƙwasa rodi ne a wurin gini, shekara ashirin da biyu ke nan ina wannan sana'a. Bara muka yi aikin wata makarantar firamare mai hawa ɗaya, a saman akwai baranda doguwa da ta fito waje, babu ginshiƙi a ƙarƙashinta, rodin da ke ciki ne kaɗai ke riƙe da ita. Shugaban aikin yayan matata ne. Shi ya ɗauko ni lokacin da nake zaman kashe wando, kuma har yau idan yana magana ba na iya ɗaga kai in dube shi.

Kuskuren nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Na duba takardar zane a gurguje, na lanƙwasa rodi goma sha huɗu na barandar, sai da na ɗora su na ga awon ya gaza da kusan taƙi guda. Ga masu zuba kankare sun iso, injin yana ta ruri, kuma babu sauran rodi mai wannan kaurin a wurin. Yaya ya zo ya duba, ya ce in miƙar da su in sake lanƙwasawa, wai wa zai gani idan kankare ya rufe. Malama, tun ina koyon aiki maigidana ya ja mini kunne cewa ba a lanƙwasa rodi sau biyu a wuri ɗaya. Na sani sarai. Amma na kira mai walda ya gasa su har suka yi ja, na miƙar, na sake lanƙwasawa, don sauri kuma na sheƙa musu ruwa. A na tara ko na goma na ji wani ɗan sauti, ƙas! Na duba, na ga tsaga siririya a gwiwar ƙarfen. Na juya ta ƙasa, na ɗaure da waya. Ko Yaya bai san wannan ba.

An buɗe makaranta wata huɗu da suka wuce. Ba ni da aikin yi a unguwar, amma kullum sai ƙafata ta kai ni. Idan aka tashi tara yara sukan cika barandar nan, suna tsalle, suna leƙen ƙasa, wasu kuma suna cin abinci a inuwarta. Makon jiya na ce wa maigadi na zo duba aikinmu, na hau. A saman barandar, daidai inda ta haɗu da bango, akwai tsaga. Ranar siririya ce kamar silin gashi. Shekaranjiya na koma, har tsinken ashana ya shige cikinta.

Na gwada yi wa Yaya maganar, ya ce filasta ce kawai, in kuma na kuskura na buɗe baki to in nemi wani aikin, in kuma nemi abin da zan faɗa wa ƙanwarsa. Ita kuwa baiwar Allah tana ganin ba na cin abinci, har tsokanata take wai ko na yi sabuwar budurwa ce. Ina ma budurwar ce! Ina tsoron a kama ni, ina tsoron kada wani ɗan kwangila ya sake ba ni aiki, ina tsoron gidana ya watse, ga yara. Amma abin da ya fi kashe ni, duk lokacin da na ji jiniyar motar asibiti sai in ce shi ke nan, ta rufta. Ko in rubuta musu takarda ba suna? Ko dai filastar ce da gaske, ni ne tsoro ya rufe wa ido? Ki gaya mini yadda zan yi.

Naka cikin damuwa,
Mai Lanƙwasa Rodi



Malam, na karanta wasiƙarka sau biyu. Ba ka bar lambar waya ba, shi ya sa na tsallake wasiƙun da suka riga taka na sa ta a wannan makon.

Ni ba injiniya ba ce. Mai yiwuwa filasta ce kamar yadda surukinka ya ce, Allah ya sa haka. Amma shi rodi mai lafiya ya sani a ciki, kai ne ka ga tsagar ƙarfen da idonka, kuma tsagar barandar da ke ƙara faɗi cikin kwanaki ba abin jira ba ce. Tsoronka yana kan hanya, kada ka bari a ce maka waswasi ne.

Ba zan yi maka daɗin baki ba. Kana iya rasa aikin nan, surukinka zai yi fushi, wataƙila a kira ka a yi maka tambayoyi masu zafi. Duk wannan mutum yana farfaɗowa daga gare shi. Wanda ya kai kansa kafin a yi asara, da wanda aka zo aka kama bayan an fitar da gawa, ba matsayinsu ɗaya ba, a wurin hukuma ko a wurin Allah.

Takarda ba suna ka manta da ita, a aljihun tebur za ta kwana. Ka je da kanka wurin shugaban makarantar, ka ce kai ne ka ɗaure rodin barandar, ka nemi a hana yara hawanta da zama a ƙarƙashinta tun daga wannan sa'ar. Sannan a kira injiniya, wanda ba ya cin abinci a hannun surukinka, ka gaya masa komai: wutar, ruwan, da sautin da ka ji, kada ka rage ko ɗaya. Shi zai san ko tokare ta za a yi ko sarewa. Idan shugaban ya yi maka riƙon sakainar kashi, ka wuce ofishin da ke kula da gine-gine a ranar.

Kafin ka fita, ka zaunar da matarka ka faɗa mata. Kada ta ji a bakin yayanta, domin yadda zai ba da labarin daban ne. Uwa ce, ina kyautata zaton za ta fi ka saurin cewa a tafi. Shi kuma ka sanar da shi cewa za ka je, ka ba shi damar ya bi ka don ya fita kunya. Sanarwa na ce, ba neman izini ba.

Ka yi kuskure babba, ka kuma ƙara da ɓoyewa, amma har yanzu ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Mutane da yawa sun yi kukan neman irin wannan damar ba su samu ba. Ka ajiye jaridar nan ka sa takalminka. Allah ya tsare yaran nan, ya ba ka ƙarfin zuciya, ya kuma buɗa maka wata ƙofar.